Allura a Cikin Takalmin Baba Ousmane

Akwai wani dattijo a unguwar Wadata, nan Yamai, ana ce masa Baba Ousmane Tela. A zamaninsa babu angon da bai so ya sa ɗinkinsa ba. Da tsufa ya zo, sai ya zo masa da ciwo biyu: ciwon sukari, da ciwon mantuwa irin wanda ke sa mutum ya kalli ɗan cikinsa ya tambaye shi daga ina.

Ɗansa Abdulrazak, mai butik, wato shagon atamfa, a Babbar Kasuwa, shi ya ɗauko masa ma'aikacin jinya. Sunansa Natanayel, mutumin Dogondutsi, amma kowa Majo yake ce masa, kamar yadda ake kiran ma'aikatan jinya a nan.

Kullum da safe Majo zai auna sukarin tsoho, ya tabbatar ya ci abinci a kan lokaci, ya ba shi magani. Sannan ya ɗauki takalmansa ya kife, ya kakkaɓe, ya zura hannu ciki. Daga nan ya durƙusa ya wanke masa ƙafafu, ya goge tsakanin yatsu, yana dubawa ɗaya bayan ɗaya.

Idan yana durƙushen nan, Baba Ousmane sai ya dafa kansa ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana."

To, kalmar nan ce ta tsaya wa Abdulrazak a rai. Shi fa idan ya shigo, tsoho kallon baƙo yake masa. Sai ya tsaya a kansa yana cewa, "Baba, wane ne ni? Faɗi sunana mana!"

Tsoho sai ya rikice, ya kama rigar Majo ya ce, "Ɗana, mai karɓar haraji ne? Ce masa na biya."

Jama'a, ku sa kanku a matsayinsa. Abin da ciwo, wallahi. Amma maimakon ya ji haushin ciwon, sai ya ji haushin mutum.

Majo ya taɓa jan shi gefe ya ce, "Alhaji, ka daina yi masa jarrabawa, tsoro take ba shi. Ka zauna daidai idonsa, ka faɗa masa sunanka da kanka. Ka zo in nuna maka yadda ake duba ƙafar."

Abdulrazak ya yi tsaki. "Kai za ka koya mini yadda zan yi da ubana? Wannan durƙushe-durƙushen da kakkaɓe takalmi duk neman shiga ne. Ka mayar da ni bare a gidanmu."

Kishi ya ci shi har ya sallami Majo. Da zai tafi, Majo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ko ba ka ji komai nawa ba, ka ji wannan. Ka riƙa duba takalminsa da ƙafarsa kullum. Sukari ya kashe masa jin ƙafa, kuma..."

Abdulrazak ya rufe ƙofa bai bari ya ƙarasa ba.

Gaskiya ya yi ƙoƙari, kada mu ci haƙƙinsa. Magani a kan lokaci, abinci yadda likita ya ce, har sababbin riguna ya ɗinka masa. Amma ƙafa? Ai shi a ganinsa wannan wasan Majo ne.

Abin da bai sani ba shi ne, a cikin kan Baba Ousmane har yanzu yana shago. Duk allurar da ya tsinta a ɗakin matan gida sai ya ɓoye ta kada yara su taka. Wurin ɓoyon nasa kuwa cikin takalminsa ne.

Ana nan, wata ranar Juma'a tsoho ya tashi da zazzaɓi, ya ƙi cin komai. Abdulrazak ya ji wani wari a ɗakin. Da ya cire masa safa sai ya saki salati. Babban yatsa ya kumbura ya yi baƙi, ga guntun allura a nutse a ƙarƙashinsa. Tsoho ya kwana da ita ya tashi da ita, bai ji ba, balle ya faɗa.

A asibiti likita ya ce ƙafa za ta tsira, amma yatsan sai an cire.

Abdulrazak ya zauna a baranda ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Sannan ya ɗauki waya da kunya ya kira Majo. Kafin la'asar sai ga shi a kan moto, wato babur, bai ce "ai na faɗa maka" ba.

Da aka sallamo tsoho, ranar farko Majo ya kawo ruwan ɗumi a roba, ya taɓa da gwiwar hannu ya ji zafinsa, sai ya miƙa wa Abdulrazak tawul.

"Alhaji, yau kai za ka yi. Kada ruwa ya taɓa ciwon."

Abdulrazak ya tattare babbar rigarsa ya durƙusa. Ya ce a hankali, "Baba, ni ne Abdulrazak. Zan wanke maka ƙafa."

Tsoho ya daɗe yana kallon ƙeyarsa. Sai ya ɗora hannu a kansa.

"Abdul, ka dawo daga lakwal? Har an tashi makaranta? Kullum kai ke cire mini takalmi idan na taso daga shago. Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Majo ya ce, "Tun ranar da na fara zuwa, labarin nan yake ba ni. Ba ni yake sa wa albarka ba, Alhaji. Wurinka na tarar babu kowa, na durƙusa."

Abdulrazak bai iya ɗago kai ba. Hawayensa na zuba a kan ƙafar mai yatsu huɗu, yana gogewa.

Darasi: Kada kishin mai kula da iyayenka ya hana ka koyon abin da ya sani. Mai ciwon mantuwa yana iya manta fuskarka, amma yana gane hannun da ke tausaya masa. Mai ciwon sukari kuma a duba ƙafarsa da takalminsa kullum, don ba lallai ya ji ciwo ba. Ku tura wa duk wanda ke jinyar tsoho a gida, wataƙila ku tsirar da ƙafar wani.