Manomin da Ya Yi Kyauta da Garmarsa

Akwai wani manomi da matarsa ta rasu a tsakiyar damina. Bayan an watse daga zaman makoki, sai ya daina zuwa sujada, ciyawa ta cinye masa gero. In an gaishe shi, sai ya ce, "Lafiya lau."

Wata safiya ya kai wa maƙwabcinsa garmarsa, ya ce, "Karɓi, taka ce." Kashegari ya jawo akuyarsa, ita ma ya ba shi.

Maƙwabcin ya rikice. Ana tsakar noma, wa ke kyauta da garma? Tafiya zai yi, ko fushi yake yi da wani? Mutanen gari kuwa suna cewa, "Ai ya warware, har dariya yake yi." Amma hankalin maƙwabcin ya ƙi kwanciya. Wani tunani ya faɗo masa, ya tsorata, ya ce a ransa, "In na tambaye shi, kada in sa masa abin da bai yi niyya ba. To, in na yi shiru fa?" Ya je ƙofar gidan manomin, ya juyo, ya sake komawa.

Daga bisani ya yi sallama ya shiga, ya zauna kusa da shi. Ya ce, "Ɗan'uwana, kana tunanin kashe kanka ne?"

Manomin ya fashe da kuka, ya ce, "Tunanin yana zo mini. Ni ma ban san abin da nake so ba. Na gaji ne."

Maƙwabcin ya ce, "Ban san abin da zan faɗa maka ba, amma ba zan bar ka kai kaɗai ba."

Bai tsawata masa ba. Ya aiki matarsa ta kira fasto da ƙanwar manomin. Suka raka shi wurin likita, suka riƙa zama da shi bi da bi, ikkilisiya kuma ta yi masa gayya. Baƙin cikin bai tafi rana ɗaya ba, amma mutumin ya rayu.

Ma'anar wannan misali, ƙaunatattu, ita ce: ba kowane "lafiya lau" ne lafiya ba. Tambaya cikin ƙauna ba ta tura mutum ga mutuwa, hanyar magana take buɗe masa. Kada ka jira sai ka san abin faɗa. Ka je, ka tambaya, ka zauna, ka kira waɗanda za su taimaka. Kai kuma da nauyi ya danne, Ubangiji bai ƙyale ka ba. Ka gaya wa wani yau.