Mutumin da Ya Hana Siminti Kamawa

Akwai wani mutum mai gida a bakin hanya. Wata rana maƙwabcinsa ya zo wucewa da amalanken shanu, ya bugi kusurwar ɗakin da tsohuwar maigidan take kwana. Kankare ya ɓantare har ana ganin rodi, ga damina ta kawo kai.

Maƙwabcin bai yi musu ba. Ya ba da haƙuri, ya kawo siminti da yashi, ya kafa katako ya zuba kwaɓi. Ya ce, "Maigida, a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma. Kada a cire katakon sai ya kama."

Amma mutumin ya kasa zaune ya kasa tsaye. Yana ta cewa a ransa, wanda ya fasa, anya zai gyara tsakani da Allah? Ya shiga gida, ya fito, ya danna simintin da yatsa. Can ya dawo da ƙusa ya soka. Ya ɗaga katakon ya leƙa, ya mayar. Ruwan da aka ce ya zuba kuwa, ko tunawa bai yi ba.

Matarsa ta ce, "Baban yara, ka bar abin nan ya huta mana."

Da ya ga hadari ya haɗu, sai ya ɓalle katakon gaba ɗaya don ya ga ko gyaran zai jure ruwa. Ruwa ya sauko, kusurwar ta zube, tabarmar tsohuwa ta jiƙe sharkaf. Ya kira maƙwabcin da faɗa. Shi kuwa ya ɗauki guntun simintin, ya juya shi, ya ce, "Na fasa, na gyara. Ramukan nan dai ba ni na yi su ba."

Ma'anar wannan misali ita ce, kusurwar ita ce zumuncinmu, maƙwabcin kuwa shi ne ɗan'uwan da ya yi mana laifi ya tuba. Mukan ce mun yafe, amma kullum muna tono maganar, muna gwada shi mu gani ko tubansa na gaske ne. Abin yana ba ni baƙin ciki, domin sabon sulhu ɗanye ne. Addu'a da alheri su ne ruwan da yake bukata. Da Ubangiji yana soka mana ƙusa haka, wa zai tsaya a cikinmu? Ɗan'uwa, in sulhunka ya rushe, kafin ka kira maƙwabcinka, duba ko sawun yatsan wa ke jiki.