Layin da Injiniya Ya Ɓoye

Akwai wani matashi da abokansa suka laƙaba wa suna Injiniya. Bai taɓa gina gada ba, bai taɓa kwance inji ba, amma in dai maganar kwamfuta ce, to a ba shi hanya. Tsakani da Allah ya iya. Matsalarsa guda ɗaya ce: ya san ya iya, kuma a ganinsa duk wanda ya girme shi da shekara goma bai san komai ba sai lalube. In ana yi masa bayani, kafin a kai rabi ya ce, "Na gane, na gane," alhali ko kan zancen ba a taɓo ba.

Ya shekara biyu yana yawo da takardunsa daga wannan ofis zuwa wancan, har takalminsa ya gaji. Daga ƙarshe Allah ya sa ya samu aikin buga takardu a wata babbar makarantar sakandare. Sharaɗin shi ne zai yi wata uku na gwaji. In shugaban makaranta ya gamsu, sai ya sa hannu a takardar tabbatar da shi. Ranar da ya kawo labarin gida, matarsa ta yi murna har da hawaye. Washegari ta je ta sayo ɗan firam mai gilashi ta ajiye a kan tebur.

"Wannan fa?" in ji Injiniya.

"Na takardar nan ne. Ranar da aka sa hannu, a nan za ta zauna."

"Ai kin sayo ƙarami," ya ce yana dariya. "Ki jira ki ga abin da zan yi musu a makarantar nan."

Wadda zai gada wata dattijuwa ce da kowa ke kira Inna, daga shugaba har mai gadi. Shekara talatin da ɗaya ta yi a kan wannan tebur, tun zamanin tafireta. Lokacin ritayarta ya yi, aka ce ta zauna da shi mako biyu ta nuna masa aiki.

Tun ranar farko idon Injiniya ya faɗa kan allon kwamfutarta, ya kusa sakin dariya. Duk mai amfani da kwamfuta ya san siririn layin nan da ke kwance a ƙasan allo, inda agogo yake, inda kuma duk abin da aka buɗe yake fitar da alamarsa. To, Inna ta janye nata daga ƙasa ta tsayar da shi a gefen hagu, ta faɗaɗa shi kamar tafin hannu, har ya cinye kusan kwatan allon. Launinsa toka-toka, babu ado ko kaɗan. Kowane fayil da ta buɗe yana da gurbinsa shi kaɗai, sunansa a rubuce ɓaro-ɓaro, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Ta kuma kulle shi yadda ba ya motsi.

"Inna, wa ya yi miki wannan ɗanyen aiki?"

"Ni na yi da hannuna, ɗana."

"Kai! Ai wannan ya toshe miki wurin aiki. Yanzu an wuce wannan zamanin."

"Akwai dalili. Wata shekara, lokacin da aka fara kawo mana na'urorin nan, ana gab da jarrabawa..."

"Na gane, Inna, na gane. Ido ne. Tsufa ba ya barin kowa."

Inna ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta, ta mayar. Ba mace ce mai ja-in-ja ba.

"To, Allah ya ba da sa'a. Abu ɗaya nake roƙonka, ka bar shi yadda yake har a gama jarrabawar ƙarshen shekara."

"Ba komai, Inna," ya ce, hankalinsa na kan wayarsa.

Ranar Juma'a aka yi wa Inna sallama. Litinin da safe, ko ƙurar tebur bai goge ba, Injiniya ya naɗe hannun riga. Ya buɗe makullin layin ya maido shi ƙasa. Ya ƙanƙanta alamomin har suka zama kamar ƙwayar wake. Ya cire sunayen fayiloli duka, ya sa duk takardun da aka buɗe su taru a ƙarƙashin alama guda. Ya canza launin zuwa baƙi mai sheƙi. Sannan ya yi abin da ya fi burge shi: ya sa layin ya riƙa ɓuya da kansa, ba ya fitowa sai an kai kibiyar linzamin kwamfuta can ƙasan allo. Ya shimfiɗa hoton wata jar mota a bayan komai, ya jingina da kujera yana kallo.

A faɗi gaskiya, allon ya yi kyau. Malamai suka riƙa leƙowa. Malamar tarihi ta ce kamar talabijin ɗin otal. Shi kuwa duk wanda ya shigo sai ya nuna masa yadda layin ke fitowa ya koma, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Wata rana shugaba da kansa ya tsaya a bayansa yana neman agogo.

"Ina layin nan na Inna?"

"Ranka ya daɗe, yanzu kunya yake ji, sai an kira shi yake fitowa."

Shugaba ya yi murmushi ya wuce. Aiki na fita da sauri, wasiƙu na fita tsaf, babu abin cewa. Da watanni ukun suka zo ƙarewa, shugaba ya ce masa ya buga takardar tabbatarwar da kansa ya kawo, za a sa hannu ranar Juma'a bayan an gama jarrabawa. Injiniya ya zaɓi haruffa mafi kyau ya buga, ya kai ofishin shugaba da hannu biyu.

To, makarantar na da tsari mai tsauri kan jarrabawa. Kowane malami yakan kawo fayil biyu. Ɗaya na tambayoyi ne zalla, na ɗalibai. Ɗayan kuma tambayoyin ne da amsa a ƙarƙashin kowace, na masu gyara. Shafin farko na dukkansu iri ɗaya ne sak: sunan makaranta, darasi, lokaci, da gargaɗin kada a buɗe sai an ba da izini. Injin bugawa na cikin wani ɗaki mai makulli, shi yake bugawa ya haɗa shafukan ya ɗinke. Jami'in jarrabawa kuma ƙirgawa kawai yake yi ya zuba a ambulan ya buga hatimi. Doka ta hana shi ɗaga shafin farko.

Ranar Laraba da hantsi malamin lissafi ya shigo da sauri. Mutum ne mai tsantseni, mako uku ya yi yana tsara tambayoyin 'yan ajin ƙarshe. Ya ce akwai lamba ɗaya da za a gyara a tambaya ta bakwai, a duka fayilolin biyu. Injiniya ya buɗe na tambayoyi, ya buɗe na amsa. Ya gyara na farko ya rufe shi. Malamin ya ce a sake buɗewa ya tabbatar da idonsa, aka sake buɗewa. Aka gyara na biyu. Malamin ya yi godiya ya fita, don yana da aji.

Jami'in jarrabawa ya leƙo daga ɗakin inji. "Injiniya, turo mana lissafi, ɗari biyu da arba'in. Takarda na ciki."

Injiniya ya kai kibiya ƙasa, layin ya leƙo. Alama guda ce, ba suna. Ya ɗora kibiyar a kanta, sai ga 'yan hotuna biyu sun fito gefe da gefe, shafin farko da shafin farko, kamar tagwaye. Sunayen na nan a samansu da haruffa 'yan mitsi-mitsi, duka sun fara da "Lissafi, ajin ƙarshe," sauran ya yanke. A ransa ya ce na hagu ne tambayoyi, ai shi na fara buɗewa. Ya manta ya rufe shi ya sake buɗewa, ya koma dama. Ya danna na hagu, ya tura. Duka-duka bai fi ƙiftawar ido uku ba, har ya ji daɗin saurin kansa.

Alhamis da ƙarfe tara, ɗalibai ɗari biyu da arba'in suka zauna a babban ɗakin taro. Aka fasa hatimi a gabansu, aka raba takardu, aka kaɗa ƙararrawa. Ɗakin ya yi tsit. Can sai wani ya yi tari mai kama da dariya. Sai ƙus-ƙus ya tashi daga baya. Wasu yaran da aka san ba sa ga maciji da lissafi suka duƙufa suna rubutu kamar ana korar su. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu.

"Malam, an rubuta mana amsar a ƙasa."

Malamin lissafi ya karɓi takardar ya duba. Sai ya zauna a kan tebur.

Aka tsayar da jarrabawa. Babu maganar sake bugawa, tunda kowa ya ga amsa. Yaran da suka yi wata guda suna haddace ƙa'idoji suka fito ransu a ɓace, wasu na kuka. Kafin azahar labari ya zaga cewa a makarantar nan sayar da amsa ake yi, iyaye suka fara taruwa a bakin ƙofa.

Shugaba ya zo ofishin Injiniya da kansa, malamin lissafi da jami'in jarrabawa na biye. Injiniya ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, wallahi ni daidai na tura. Na'urar ce. Ina jin ƙwayar cuta ce ta shige ta, ta juya fayilolin. Dama tsohuwa ce, kuma wadda ta riƙe ta a da ba ta..."

"Ya isa," in ji shugaba. "A je a ɗauko min Inna."

Ba a yi awa guda ba ta iso, da kayanta na zaman gida. Ta gaida kowa, ta zauna a tsohuwar kujerarta, ta dubi jar motar nan da ta cika allo.

"Ɗana, ina layin?"

Injiniya ya miƙa hannu zai fito da shi. Layin ya leƙo ya koma, ya sake leƙowa ya koma. Yau babu wanda ya yi dariya.

"Mayar min da shi yadda na bar maka."

Ya mayar, cikin minti biyu, don ya iya. Layin ya tsaya a hagu, mai faɗi, toka-toka, mummuna kamar da. Inna ta ce a buɗe fayilolin biyu. Sunayen suka fito ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ko daga bakin ƙofa ana karantawa. Na sama ya ce, "Lissafi, ajin ƙarshe, tambayoyi." Na ƙasa ya ce, "Lissafi, ajin ƙarshe, AMSA, KADA A BUGA."

"Ni ma na san ba shi da kyau," in ji Inna. "Ina da ido. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce na buga amsar kimiyya guda ɗari da tamanin, kamar yadda ka yi. Allah ya rufa min asiri, takarda ɗaya ta faɗi ƙasa ta buɗe, na gani kafin a buga hatimi. Ranar ban bar ofishin nan ba sai da na gyara layin haka. Shi ne labarin da na fara ba ka, ka ce ka gane."

Injiniya ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi, har ya ji da ma ƙasa ta tsage.

Shugaba ya zaro takarda daga aljihun rigarsa ya warware. Ita ce takardar tabbatarwar, da haruffanta masu kyau.

"Ranka ya daɗe, yaro ne," in ji Inna. "A yi masa afuwa."

"Inna, kuskure kowa na yi, ke ma kin faɗi naki. Amma an ce masa ya bari bai bari ba. Da abu ya ɓaci ya ɗora wa na'ura, yana shirin ɗora miki. Sirrin makaranta duka a kan teburin nan yake bi. Ba zan iya ba." Ya miƙa wa Injiniya takardar. "Aikinka ne, ka buga ta da kyau. Tafi da ita."

Da Injiniya zai fita ya waiwaya. Inna ta gyara tabarau, malamin lissafi ya ja kujera kusa da ita yana karanto mata sabuwar tambaya ta ɗaya.

Bayan azahar ya isa gida. Matarsa ta ji motsin ƙofa ta fito da gudu, ta ga takarda a hannunsa.

"Lah! Ba sai gobe ba? Har an sa?"

Ya miƙa mata. Ta karanta tana murmushi tun daga sama har ta iso ƙasa, inda aka bar wurin sa hannu. Wurin fari fat. Ta dube shi, ta dubi firam ɗin da ke kan tebur, wanda ta goge gilashinsa da safen nan. Ta ninke takardar a hankali ta ajiye a gefensa.

Darasin wannan labari a fili yake. In ka gaji aiki ka tarar da wani tsari da bai yi maka kyau ba, kada ka rushe shi sai ka tambayi dalilin da ya sa aka kafa shi, kuma in ka tambaya ka bari a kai ƙarshen amsa. Sau da yawa abin da kake ganin ƙauyanci ne, tabon wata wahala ce da wani ya sha don kada kai ka sha. Kayan aiki ba don kallo aka yi su ba, duk adon da zai ɓoye maka abin da ya kamata ka gani ba ado ba ne. In kuma ka yi kuskure, ka amsa naka ne. Injiniya ya iya kwamfuta, sauraro ne bai iya ba, wanda bai ji bari ba kuwa zai ji hoho.