Tafkin da Ya Yi Ta Matsowa Kusa

A wani ƙauye an yi wani manomi wanda doguwar tafiya ɗaya tak ya taɓa yi a rayuwarsa. Yana sabon aure ya kora jakinsa ya nufi gabas, wurin wani babban tafki, domin ya saro busasshen kifi. Tun da ya dawo bai sake zuwa ko'ina ba, daga gona sai kasuwa, sai sujada ran Lahadi.

Amma tafiyar nan guda ta ishe shi har tsufa. Da gwiwoyinsa suka ƙi, gona ta koma hannun 'ya'ya, sai ya riƙa shimfiɗa buzu a gindin ɗorawa da la'asar, ya jingina, ya lumshe ido, ya kama hanya. Ga shi yana fita ta bayan gari, ga dutsen da ya yi kama da rumbu, ga kukoki uku a jere. Can sai iska mai sanyi ta buge shi, ya ji ƙamshin ruwa tun bai gan shi ba. Sai tafki: farin yashi, ɗanyar ciyawa har gwiwa a tsakiyar rani, shanu suna sha ba mai korarsu, masunta suna bandar kifi a bakin gaɓa. Yakan lashe baki ya ce har yau yana jin ɗanɗanon tarwaɗar da suka gasa masa.

Mutane suna son labarin, har suka sa masa suna Baba Na-Tafki. Babu laifi a cikin wannan. Sai dai yadda mace take tsince tsakuwa daga shinkafa, haka shi ma yake tsince wahala daga tafiyar, yau kaɗan gobe kaɗan, bai ma san yana yi ba. Mai tafiya a kan buzu ai ba ya taka ƙaya. Kowace shekara tafkin sai ƙara matsowa kusa da ƙauyen yake yi.

Wata shekara rani ya yi tsanani, rijiyoyi suka ƙafe, sai a yini ana jiran guga ɗaya. Maƙwabcin tsohon, wani magidanci mai suna Habila, yana da bijimai biyu na huɗa, su ne ƙarfin gidansa. Sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, kuma ya san in an ƙara wata guda a haka ba za su ga damina ba. Sai ya zo gindin ɗorawa ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, tafkin nan da kake ba mu labari, kwana nawa ne daga nan?"

Tsoho ya lumshe ido ya bi hanyar tun daga bayan gari, sannan ya buɗe.

"Kwana uku, ɗana. In kana sammako, ran na uku kafin rana ta take tsaka kana wanke ƙafa a ciki."

"Akwai ruwa a hanya?"

"Ni dai ban tuna na ji ƙishi ba."

Ba ƙarya ya yi ba, hakika bai tuna ba. Habila ya ɗauki ruwa da dusa na kwana uku, ya sa bijimansa a gaba ya tafi.

Matar tsohon ba ta gari a lokacin, ta je wurin 'yarsu Rahila da ta haihu. Kwana uku bayan tafiyar Habila ta dawo, ta ji labari tun a bakin rijiya. Ko ƙunshin kayanta ba ta sauke ba ta tsaya a kan mijinta.

"Baban Rahila, kai ka ce wa Habila kwana uku?"

"Ni ne."

"Kwana uku! To ina jakinmu?"

"Wane jaki?"

"Wanda ka tafi da shi, ka dawo da akumarinsa a ka. Ni na gasa maka ƙafafu mako guda cur. Leɓɓanka duk sun tsage, ko kunu da ƙyar kake sha. Da bakinka ka gaya mini kwana biyar ne, biyu a ciki fako ne, ba rijiya ba inuwa. Ka ce da ba don wata Bafulatana ta tarar da kai a kwance ta ɗura maka ruwan gorarta ba, da zaman makoki aka yi a gidan nan."

"Duk shekarun nan, me ya hana ki faɗa?"

"Kana jin daɗinka, mutane suna jin daɗinsu. Ni ce zan kunyata ka a gaban jama'a? Ina na san wani zai ɗora shanunsa a kan maganar?"

Tsoho ya lumshe ido, wannan karon fakon ya zo masa, da jakin a kwance, da harshensa a kumbure. Tsoro ya kama shi ƙwarai. Ya sa aka tashi maza biyu da ruwa su bi sawu, amma abin da suka tarar a tsakiyar fako shi ne mushen sa guda da ungulaye a kai.

Sai da ruwan farko ya sauka Habila ya dawo da sa ɗaya. Ya zo gindin ɗorawa ya durƙusa ya yi gaisuwa kamar kullum.

"Baba, tafkin yana nan. Farin yashin ma yana nan, ba ka ƙara komai ba. Hanyar ce ba ka ba ni ba."

Sa ɗaya ba ya jan garma. A daminar nan Habila da hannu ya yi huɗa, rabin gonarsa ya zauna babu shuka.

To, ga abin da misalin nan yake nufi. Tafkin shi ne alherin da Ubangiji ya kai mu gare shi, kuma yana da kyau mutum ya zauna ya tuna da shi ya ji daɗi. Fakon shi ne wahalar da muka bi kafin mu isa. Yawancinmu manya idan muka tashi ba da shaida a majami'a, irin na tsohon nan muke yi. Mai shekara arba'in da aure zai ce bai taɓa saɓawa da matarsa ba, ita kuwa tana zaune a layin zumuntar mata ta sunkuyar da kai. Amarya da ango suna ji, sabon mai bi yana ji, sai su yi guzurin kwana uku. Ran na huɗu, da ƙishi ya kama su, su ɗauka sun ɓata hanya ne ko kuwa Allah ya yashe su.

Ku lura kuma da abin da tsohon ya rasa shi kansa. Ranar da ya share fakon daga labarinsa, ranar ya share matar da Allah ya aiko masa da ruwa. Ya yi shekara da shekaru yana yabon kifi, bai ƙara gode wa wanda ya ceci ransa ba. Mai gani ya yi shiru don kara, kamar matar tsohon, shi ma yana da nasa kason laifin.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, akwai wanda yake sauraronka da niyyar kama hanya gobe da safe, da duk abin da ya mallaka. In ya tambaye ka kwana nawa ne, ka ce masa biyar. Ka gaya masa inda ka faɗi, ka kuma gaya masa wanda ya tashe ka.