Muryar Zaibun a Gwangwanin Biskit

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan garinmu mai suna Ba, manomin rake, gidansa can gefen kogi. Ba zan kama sunansa ba, kada kuma kowa ya fara waige-waige a cikin sahu. Mutum ne mai salla, ba ya shan giya, ba ya caca. Ciwonsa ɗaya ne, bai yarda da kowa ba. In ka gaishe shi da fara'a sai ya shafa aljihunsa. In ka wuce ba ka gaishe shi ba, ya wuni yana tunanin abin da kake ƙulla masa.

Mahaifiyarsa Zaibun ta haura tamanin kafin Allah ya karɓi abinsa. A shekararta ta ƙarshe, ƙanwarsa Rukshana takan zo daga birnin Lautoka duk Lahadi, ta kunna ɗaukar murya a waya ta ajiye a kan tabarma, tsohuwa na tsintar shinkafa tana magana. Ta faɗi sunan ƙauyen da aka ɗauko kakanta a Indiya da jirgin ruwan da ya kawo shi. Ta yi wa 'ya'yanta uku addu'a, kowa da sunansa. A wani wuri kuma ta ce, gonar nan ta dukanku ce.

Bayan rasuwa Rukshana ta ɗora maganganun a ma'ajiyar intanet, don ita da shi da autansu Liyakat, mai tuƙin bas a Auckland can ƙasar waje, kowa ya saurara in kewa ta taso masa. Da ta ga sun zauna lafiya a can, sai ta goge na wayarta saboda wayar ta cika.

Mutumin nan bai ji addu'a ba, bai ji sunan ƙauye ba. Maganar gona kaɗai ta shiga kunnensa. Ya ce shi ne babba, a ba shi kalmar sirri, aka ba shi. Ya kwafe komai, ya goge na intanet ƙaf, tun Liyakat bai gama makoki ya buɗe ba.

Rukshana ta yi kuka har ta gaji. Ƙarshe ta roƙe shi abu ɗaya, ya yi kwafi uku, ɗaya ya kasance nesa da gidan. Kwafi ukun ya yarda, ya zuba a filashin kwamfuta, ya zuba a faifai, ya bar ɗaya a tsohuwar kwamfutarsa. Amma nesa da gida? Ai nesa da gida hannun wani ke nan. Ya sa filashi da faifai a gwangwanin biskit, ya tura ƙarƙashin gado, kwamfuta na kan tebur taku biyu daga nan. Wannan a wurinsa shi ne wayo.

Shekara shida Liyakat na roƙo. Duk salla sai ya bugo, ya gaida yaya, ya tambayi rake, sannan ya kawo maganar. A shekara ta shida kiran ya yawaita, har sau biyu a mako, mutumin ya ce lalle yaron nan ya sami lauya.

"Yaya, muryarta kawai nake so in ji," in ji Liyakat.

"Muryarta ko gonarta? Ka tafi ka bar mu da sara da ɗauka, yanzu ka tuna kana da uwa."

Liyakat ya yi sallama. Bai faɗa masa abin da likita ya gani a hantarsa ba. Wa zai kai ciwonsa wurin wanda zai ce dabara ce?

Kun san kogin nan, ba sai na ba ku labarinsa ba. A watan Janairu aka yi kwana uku ana ruwa, ranar ta huɗu da hantsi ya shigo gari. Mutumin nan da matarsa suka tsira da kayan jikinsu zuwa makarantar kan tudu. Da ruwa ya janye ya dawo ya tarar da laka har gwiwa, gado a kife, gwangwani babu shi babu labarinsa. Ko a nan bai ce ruwa ba ne. Sai da ya bi maƙwabta gida-gida yana leƙa kayan da suke shanyawa. Kwamfutar kuwa, mai gyara a Lautoka ya buɗe ta, ya girgiza kai, ya mayar masa.

Bayan mako biyu matar Liyakat ta bugo daga asibiti. Ta ce likitoci sun ce sai addu'a, kuma abu ɗaya Liyakat yake ta nema. Ta kara masa wayar a kunne.

"Yaya," ya ce, muryar da ƙyar take fita, "gonar na bar maka. Saka mini inda ta ambaci sunana."

Mutumin ya buɗe baki don ya faɗi addu'ar da kansa, sai ya tarar bai san ta ba. Shekara shida tana ƙarƙashin gadonsa, ko sau ɗaya bai kunna ba, don kada matarsa ta ji maganar gona ta kai wa wani. Ya tsaya riƙe da waya yana jin numfashin ƙaninsa yana jira. Liyakat ya rasu ranar Alhamis bai ji ba.

Ya 'yan uwa, ruwa ne ya cinye muryar Zaibun? Ruwa ya ci gidaje da yawa a wannan shekarar, amma waɗanda suka ba 'yan uwansu ajiya sun sami hotunansu da takardunsu. Abin da ka hana kowa riƙewa, rana ɗaya ta ishe shi. Allah ya hane mu da yawan zato, domin wani zaton zunubi ne, kuma amana in ta iyali ce ba a kulle ta a ɗaki ɗaya. Mutumin yana nan da ransa, gonar duk tasa ce yanzu, Rukshana ba ta ƙara taka gidansa ba.

Allah ya tsare zukatanmu daga zargin 'yan uwanmu, ya jiƙan Zaibun da ɗanta. Allah ya kiyaye mu.