Haikalin da Babu Sawu a Cikinsa

An yi wani sarki a Misra, zamanin da mutane suke bauta wa gumaka, Allah ya tsare mu. A ƙasarsa akwai wani garin bautar gumaka, Taharu, wanda kogin Nilu ya janye daga gare shi, gonaki suka bushe, jama'a suka watse, sai tsoho Fashadu mai hidimar haikali, wanda ya binne matarsa da abokansa duka a can. Kullum da safe yakan wanke gunkin, ya ajiye masa gurasa, sannan ya fito da baya da baya yana share sawunsa, kamar yadda al'ada ta wajabta, kuma an rantsar da shi ba zai faɗi abin da ake yi a ciki ba.

Sarki ya so duwatsun haikalin domin sabon gini, amma doka ta hana a rushe inda ake hidima. Ya zo da wazirinsa Hori, suka leƙa ɗakin ciki, ba sawu ko ɗaya, kamar ba mai shiga yin hidima.

Fashadu ya faɗi ya yi gaisuwa, muryarsa a dishe saboda daɗewa bai yi magana da mutum ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa fashin hidima ba."

Sarki ya ce, "Tsoho, tashi kake kamar tsuntsu? Ba a karɓar shaidar mutum a kan gidansa. Waziri, yanke hukunci. In kango ne, gobe a ɗaga dutse."

Fashadu ya sunkuyar da kai. Kalma ɗaya za ta cece shi, amma rantsuwa ta ɗaure masa harshe.

Hori ya durƙusa, ya daɗe yana duban daɓen, sannan ya ce, "Allah ya ja zamaninka, na shiga kangaye da yawa, ban ga wanda ɓera da ƙadangare ba su bar sawunsu a ciki ba. Nan ko na tururuwa babu. Kango ba ya share kansa. Baba, ba zan tambaye ka sirrinka ba."

Sarki ya cire abin wuyansa na zinariya ya rataya wa Hori, ya hana a taɓa dutse muddin tsohon yana da rai. Sarki da mutanensa suka juya, Fashadu ya tsaya a ƙofa shi kaɗai har suka ɓace.

Mai mulkin da yake son adalci, ya bincika hakkin wanda ba shi da bakin nema.