Bushiya a Ƙarƙashin Jinka

"Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ta wuce shi."

"Ta zo mu ji ta, Kaka, idonmu biyu."

Wai a garin dabbobi rumbu ɗaya gare su, ƙato, kowa nan yake zuba geronsa. Ana cikin bazara sai gara ta cinye jinkar rumbun, ya zauna kai a buɗe. A ciki kuwa ga abincin da zai kai su kaka, ga irin shuka. Suka taru suka yi sabuwar jinka a ƙasa, saura a ɗaga a ɗora. Ran nan kuma sai hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin.

To akwai Bushiya, 'ya'yanta huɗu, duk abin da ta mallaka yana cikin rumbun nan. In ruwa ya shiga, ita da su sai yunwa. Ta kasa zama ta kasa tsayuwa, ta dubi gabas, ta dubi rumbu, ta sake duban gabas. Amma ita fa ko kallonta aka yi sai ta dunƙule.

Gizo ne sarkin aiki, don ya fi kowa baki. Ya hau suri ya ce, "Manya ku tsaya nan kusa da ni, ƙanana ku koma can. Kowa ya san matsayinsa!"

Raƙumi da Jimina da Doki suka yi gefe guda. Kunkuru da Zomo da Akuya suka yi ɗaya gefen. Bushiya ta duba ta ga ai wannan ba za ta ɗagu ba. Ta matso gindin suri, ta ce, "Ranka ya daɗe..."

Gizo ya ce, "Mene ne?"

Duk aka juyo. Sai ta dunƙule.

Gizo ya ce, "A ɗaga!" Gefen manya ya yi sama, jinka ta karkace, ta kife a kan Kunkuru, rib! Daga ciki Kunkuru ya ce, "Jama'a, magariba ta yi ne?"

Iska ta fara kaɗawa. Gizo ya ce, "Lalaci ne kawai! Don ba kwa ganina da kyau." Ya ɗare ƙoƙuwar jinka ya harɗe. Bushiya ta zagaya rumbu sau biyu, ta dawo ta ce, "Ranka ya daɗe, da dai..."

"Da dai me, uwar ƙaya?"

Aka yi dariya. Ta dunƙule.

"A ɗaga!" Jinka ta sake karkacewa, Gizo ya gangaro ya faɗa cikin ƙarangiya. Akuya ta ce, "Sannu, sarkin aiki. Yanzu kam mun gan ka da kyau."

Aradu ta yi tsawa. Gizo ya tashi yana cire ƙaya, ya karyo tsumagiya ya ce wanda ya sake yin sanyi jikinsa zai gaya masa. Bushiya ta buɗe baki, ko "ranka" ba ta fita ba. Aka ɗaga a tsorace, wannan ya riga wancan, jinka ta faɗo a kan ƙafar Raƙumi.

Raƙumi ya ce, "Ni na tafi. Ai ina cin ƙaya, ba dole sai gero ba."

Jimina ta ce, "Zomo ne ba ya ɗagawa!"

Zomo ya ce, "Da kunne zan ɗaga? Ina hannuna ya kai?"

Sai ɗigon ruwa ya faɗo wa Bushiya a hanci, ɗis. Ta tuna 'ya'yanta. Ta sulale ta shige ƙarƙashin jinka. A ciki babu ido ko ɗaya, sai ƙafafu kewaye da ita, dogaye da gajeru. Nan ta ji muryarta ta fito.

"Baba Raƙumi, don Allah dawo. Tsaya gabas. Doki, kai yamma. Jimina, kudu."

Raƙumi ya ce, "Jinka ce ke magana?"

"Ni ce, Bushiya. Zomo, gaskiyarka, hannunka bai kai ba. Ɗauko gwafa ka tokara. Kunkuru, kai ma. Akuya, ke da su ku riƙe arewa. Akwai wanda wurinsa bai yi masa ba?"

Doki ya ce, "Wani kara na sukar kafaɗata."

"Matsa dama kaɗan. Yanzu fa?"

"Ya yi."

"To kada wanda ya motsa sai na ce bismillah. Bismillah!"

Jinka ta tashi sak, kamar an ɗaga faifai. Sai dai da ta yi sama, haske ya shigo, ga Bushiya a fili tsakiyar taro, duk idanu a kanta. Bayanta ya fara lanƙwashewa da kansa. Ga jinka a sama tana rawa, kowa na jiran abin da za ta ce.

Kunkuru ya ce, "Yi magana, 'yar'uwa, wuyana zai karye!"

Sai ta miƙe. Ta ce, "Taku uku gaba. Ɗaya. Biyu. A hankali, Baba Raƙumi. Uku. A sauke!"

Jinka ta zauna daram a kan rumbu. Ko numfashi ba su gama saukewa ba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ko ƙwayar gero ɗaya ba ta jiƙe ba.

Gizo ya rugo ya fake a gindin rumbu, ya ce, "Kun ga dabarata? Ai ni na tura ta ciki."

Akuya ta ce, "Haka ne. Gobe ma in za a yi aiki, kai ka koma cikin ƙarangiya, ita ta shiga ciki."

Tun daga ranar, in aiki ya taso Bushiya ake kira. Har yau in an kalle ta gabanta yana faɗuwa, amma sai ta gama faɗin abin da ta gani, sannan ta dunƙule.

To kun ji, jikokina. Shugaba ba mai hawa kan kaya ba ne, mai shiga ƙarƙashi ne ya ga inda yake danne kowa. Kuma in kin ga gyara, faɗi ko da murya na rawa, don kunya ba ta rufe rumbu.

Ƙungurus kan kusu, ƙaryar ciki ta Gizo ce, gaskiyar kuwa taku.